Kafin ka shafa wa katako kala, fara sanin wane ice ne

Sif ɗin Hajiyarmu ne ya jawo ni cikin harkar nan, irin tsohon sif ɗin nan mai ƙofa biyu da madubi a tsakiya, tun na aurenta, nauyinsa sai ƙarti huɗu sun taru. Ranar da muka tashi daga tsohon gida aka ɗora shi a akori-kura, a kwanar shiga layi ƙofa ɗaya ta zame ta faɗo ta tsage gida biyu. Na kai wa wani kafinta a unguwa, ko juya ƙofar bai yi ba ya ce "ai mahogani ne wannan, ka dawo jibi". Jibin da ya zama sati biyu kenan, kuma da na je ɗauka sai na tarar ya yi sabuwar ƙofa da malaina, wani farin katako mai araha, ya zuba mata kalar gwangwanin da aka rubuta mahogani a jiki, ta fito jawur kamar an shafa mata jan baki, ga dabbare-dabbare wani wuri duhu wani wuri haske. Da aka ɗaura ta Hajiya ta daɗe tana kallo sannan ta ce "wannan kuma ƙofar gidan wa kuka ciro min?"

Toh sai na kwashi tsohuwar ƙofar da ta tsage na kai wa Kawu, ƙanin Hajiya, wanda ya yi kafinta tun kafin a haife ni har idonsa ya fara rauni ya bari. Bai kalli fuskar ƙofar ba sam. Juya ta ya yi, ya karɓi reza ya kankare ɗan wuri ta ciki kusa da inda hinji yake, ya shinshina, ya shafa yawu da ɗan yatsa, ya ɗaga ta ya ji nauyi. Ya ce "kai yaro, wa ya ce maka maɗaci ne? Loko ne wannan, kuma ba a taɓa sa masa kala ba, banish kawai aka shafa, shekaru ne suka rina shi." Na ce Kawu to yanzu wace kala zan saya? Ya ce ka ji ka, kana tambayar kala ba ka san icen ba.

Abin da zan yi bayani kenan, yadda na koya a hannunsa da kuma abin da na ƙaro da kaina bayan na ɓata katako ba adadi.

Abu na farko ma ka tabbatar katako ne na gaske. Yawancin gado da sif da dibaida da ake jerawa amare yanzu MDF ne ko HDF ko cibod, garin katako ne aka cakuɗa da gam aka matse, aka manna masa leda ko takarda mai zanen ice a sama. Ka leƙa bayan kayan ko ka zaro durowa ka duba gefen da ba a rufe ba, in ka ga kamar dunƙulen gari lukui ba zane ba jijiya to MDF ne, in ɓarɓashi ne manya-manya cibod ne, in kuma hawa-hawa ne kamar an jera takardu to filawud ne. Wata alamar kuma zanen fuskar yana maimaita kansa, ka ga ido ɗaya sak a ƙofar hagu ka sake ganinsa a ta dama, ice na Allah ba ya haka. Irin waɗannan masu fuskar leda ko takarda ba sa shan kala, ko ka shafa zata zauna a sama ne ta goge, maganinsu sai dai a canza fuskar ko a yi musu fenti. Akwai kuma mai biniya, wato an yanko icen gaske siriri bai kai kaurin katin waya ba an manna a kan filawud, shi yana shan kala amma ka bi shi a hankali da samfefa, minti ɗaya na ganganci ka huda shi ka tarar da gam.

In ka tabbatar katako ne, kar ka yarda da fuskarsa. Fuska an yi mata kwalliya, ga rana ga hayaƙin turaren wuta ga man hannu na shekaru. Ka nemi inda mai feshi bai damu da shi ba, ƙarƙashin tebur, bayan sif, cikin durowa, tafin ƙafar kujera. Ka kankare wuri kamar faɗin farce da sabuwar reza har sai ka isa icen tsura, ka dubi launinsa a bushe, sannan ka ɗiga ruwa ko sifirit ka sake dubawa, launin da ya nuna a jiƙe shi ne kusan wanda zai nuna in an shafa banish. Ka danna farce ka ga ko zai shiga. Ka shinshina tun kankarar tana sabuwa. Sannan in akwai inda aka yanke katakon a gicciye, kamar ƙasan ƙafar tebur, ka share shi da reza ka ɗauki hoto da waya ka zuƙo, zaka ga 'yan ramuka kamar na soso, tsarinsu ya fi komai faɗin gaskiya don shi ba a iya rina shi.

Nauyi ma babbar shaida ce. Falanki ɗaya wan-bai-tuwal, wato kauri inci ɗaya faɗi inci 12, mai tsawon ƙafa 12 in ya bushe sosai, na obeche bai fi kilo 11 ba, na loko ya doshi 18 ko 19, na kawo kuwa ya haura 22. Kaga ko ido rufe ka ɗaga ka san ba ɗaya ba ne. Sai dai ɗanyen katako yana yaudara, ruwa ne cike da shi, shi yasa a kasuwar Na'ibawa 'Yan Katako ta Kano ko Panteka ta Kaduna in mai sayarwa ya ce "ɗaga ka ji nauyi Alhaji" ka fara tambayarsa yaushe aka sauke lodin.

Bari mu bi itatuwan da ka fi yiwuwar haɗuwa da su.

Maɗaci shi ne wanda 'yan kasuwa ke kira mahogani. Namu na Arewa da ake shan sassaƙensa don ciwon ciki ya fi na kurmin Kudu nauyi da duhu, amma dangi ɗaya ne. In ka kankare sabo zaka ga ruwan hoda-hoda zuwa ja mai haske, in ya sha iska da haske ya koma ja mai ruwan ƙasa. Babbar alamarsa jijiyarsa a sarƙe take, wani layi ya nufi nan wani ya nufi can, sai ka ga ratsi-ratsi a tsaye masu sheƙi, in ka matsa gefe mai duhun ya koma haske mai hasken ya koma duhu kamar shadda. Ramukansa ana ganinsu da ido, wasu da ɗan baƙin abu a ciki. Yana da ɗan'uwa da ake kira safele, sunan garin Sapele na jihar Delta ya ci, inda babban kamfanin katako da filawud yake tun zamanin Turawa, shi ratsinsa ya fi daidaita kuma yana da ƙamshi in an yanka, maɗaci kuwa kusan ba shi da wani ƙamshi. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba, dalbejiyar nan ta ƙofar gida ita ma danginsu ce, shi yasa katakonta ke da ja-ja, kuma akwai masu yin kujera da ita su ce maka mahogani ne. Ba ƙarya tsagwaronta suka yi ba amma kama da wane ai ba ta wane.

Loko, wanda Yarabawa ke cewa iroko kuma sunan da ya fi tafiya a kasuwa kenan, shi ne ya fi rikita mutane don yana canza kamanni. Sabon yanka ruwan ɗorawa ne, har ka ce wannan ai ba shi ba ne, ka ajiye shi wata biyu uku ya koma ruwan zuma, in ya shekara da yawa ya zama ruwan makuba. Ba shi da ja irin na maɗaci, in ka ga ja sosai a jikin loko to sa masa aka yi. A jikinsa akwai 'yan layuka farare-farare sirara masu zigizag da ke bin ramukan, a wurin yankan gicciye kuma zaka ga kamar an haɗa ramukan da farin zare. Masu injin tsaga sun san shi da wani abu kuma, wani lokaci akwai dutse fari a cikinsa mai dakushe zarto. Gara ba ta cika damunsa ba, shi yasa tsofaffin ƙofofi da bencin makarantun da da teburan ofis da yawa shi ne.

Mansoniya a da ita ce ta masu kuɗi. Launinta ruwan ƙasa ne mai toka-toka da ɗan shunayya a ciki, jikinta lukui, ramukan ƙanana sai ka ƙura ido. Ita saɓanin loko take, maimakon ta ƙara duhu kodewa take yi in tana shan haske, don haka in ka kankare tsohuwar mansoniya cikin zai fi wajen duhu. Ƙurarta mugu ce, atishawa da haɓo da jiri, Kawu ya ce a zamaninsu ranar da za a goge mansoniya yaran shago guduwa suke. Ka sa takunkumi.

Sai farare. Obeche ba ta da nauyi ko kaɗan, ruwan madara ce, farce yana shiga kamar sabulu, in ta jiƙe tana da ɗan wari, kuma ƙwaron nan mai huda katako yana zubo da gari yana sonta. Afara fara ta fi ta ɗan ƙarfi, wani lokaci da baƙin ratsi a tsakiya. Akwai wadda ake cewa baƙar afara ko idigbo, ita kuma ba baƙa ba ce, ɗorawa-ɗorawa ce, in ta jiƙe tana zubar da ruwa mai rina tufafi, in ƙusa ta taɓa ta da danshi wurin ya yi baƙi. Malaina kuwa ita ta cika kasuwa yanzu saboda araha, asalinta daga Indiya da maƙwabtanta aka kawo ta, an dasa ta da yawa don kamfanonin takarda irin na Iwopin sai ta ƙare a hannun kafintoci. Fara ce mai ɗan toka ko ruwan hoda, in ka shafa jikinta da aka goge kamar akwai ɗan kakin zuma, kuma tana da jinkirin bushewa, waje ya bushe ciki da ruwa. Waɗannan fararen su ake rinawa a sayar wa iyayen amarya da sunan mahogani ko mansoniya. Hajiya in kin je sayen gado ki sa yaro ya ɗaga gefe ɗaya, ki leƙa ƙarƙashi ki danna farce, in ya lotsa kuma cikin fari ne to kuɗin farin katako zaki biya.

Tik ba a cika ganinsa a kayan ɗaki na talaka ba amma akwai shi, ana shuka shi a dazuzzukan gwamnati irin na Nimbia a kudancin Kaduna. Jikinsa maiƙo-maiƙo, ƙamshinsa kamar na tsohuwar fata, launi ruwan zuma da duhun ratsi, a yankan gicciye manyan ramukan sun yi layi a zagaye. Saboda man da ke jikinsa sai ka goge shi da tina, ruwan nan da ake sirka fenti da shi, kafin ka shafa komai in ba haka ba banish ya ƙi bushewa.

Kawo da madobiya namu ne na daji. Kawo nauyi kamar ƙarfe, ruwan goro zuwa ja, ramuka manya kuma a cikin wasu akwai wani gari fari ko ɗorawa. Madobiya kuma ita ce wadda 'yan Sin suka yi wa rubdugu a Taraba da Adamawa da Kogi, a Taraba har ana ce mata Madrid, launinta daga ɗorawa-ɗorawa zuwa ja da ratsin duhu, tana da ƙamshi mai daɗi in ana yanka. Sarar ta yi yawa har daga farkon 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, a taron 2022 na Panama kuma aka ƙara da maɗaci da kawo. Wato in kana da tsohon kaya na ɗayansu ka riƙe shi da kyau, kuma don Allah kar ka rufe madobiya da kala, sila, wato shafin farko mai toshe ramukan ice, da banish kawai sun isa, ganin an fesa mata baƙi yana min ciwo.

Toh ka gane icen. Saura ka san me aka shafa masa a sama, don sabon ya yi sheƙi irin na tsohon kuma kar su yi faɗa. Ka samu auduga ka jiƙa da sifirit ka ɗan goga a ɓoyayyen wuri, in ya narke ya yi danƙo to tsohon folish ne irin na da. In bai motsa ba ka gwada tina, in ta narkar da shi laka ce, wato ruwan sheƙin nan na masu feshi. In duka biyun ba su narkar da shi ba, ko dai ya ɗan tattare kawai, to banish ne na mai. Wannan gwajin yana da amfani sosai, don in ka fesa laka a kan banish tinar da ke ciki zata tattare shi ya yi kamar fatar tsohuwa. Sannan ka wanke kayan da tsumma mai ɗan ruwan sabulu ka goge ya bushe kafin ka fara kwatanta launi, sau da yawa rabin duhun da kake gani datti ne, kar ka je ka haɗa kalar datti.

Yanzu haɗa kalar, wadda masu feshi ke cewa siten.

In da hali, sabon katakon da zaka yi ƙari da shi ya zama irin icen tsohon. Wannan shi ne rabin aikin. Kala tana canza launi ne kawai, ba ta ƙirƙiro ramuka da ratsi, malaina ko ka yi mata wanka da kala bakwai ba zata yi sheƙin shaddar maɗaci ba. Dabarar Kawu ma ita ce ya nemi tsohon katako, ɓallen benci ko tsohuwar ƙofa a wurin masu sayar da kayan rusau, don shi ya riga ya sha shekarunsa, ko kuma ya ciro katako daga bayan kayan inda ba a gani ya yi gyaran fuska da shi, ya toshe bayan da ko wane iri.

Sunan da ke jikin gwangwani kuma ka manta da shi. Mahoganin wannan kamfani daban da na wancan, kuma kala ɗaya a kan obeche da loko da maɗaci launi uku zata ba ka, tunda launin icen yana haɗuwa da nata. Abin da zaka yi shi ne ka tsaya ka karanta tsohon, a hasken rana a inuwa, ba cikin ɗaki ba. Ka nemi launi mafi haske da ke ƙasa, wanda yake leƙowa tsakanin ratsi, ɗorawa ne ko ruwan goro ko ja? Shi zaka fara kamawa. Duhun ramuka da ratsi daga baya ne.

Kayan aiki ba su da yawa, kala uku ko huɗu, ruwan ƙasa mai duhu da ja da ɗorawa da ɗan baƙi, sai abin sirka su, sirinji na kemis mai 10ml ba allura, 'yan robobin yogot ko gwangwanin madara, farin tsumma na auduga, da biro. Duk kalolin su zama jinsi ɗaya, na tina da na tina, na mai da na mai, na ruwa da na ruwa, in ka gauraya jinsi biyu zasu tsinke kamar kunun da ya kwana. Ka lura kuma akwai wadda in ta zauna gari yake kwantawa a gindin gwangwani, ita a cikin ramuka take maƙalewa tana fito da zane kuma ta fi jure rana, akwai kuma wadda take garau kamar shayi, ita shiga cikin icen take, ta fi kyau da haske amma ta fi saurin kodewa a bakin taga.

Ka yanko guntu daga ainihin katakon da zaka yi aikin da shi, ba wani ba, ka goge shi da samfefa daidai yadda zaka goge aikin, mai lamba 120 sannan 150 sannan 180, lamba tana hawa laushinta yana ƙaruwa, kana bin tsawon jijiya. Wannan ba wasa ba ne, katakon da aka tsaya a 120 ya fi wanda aka kai 220 shan kala nesa ba kusa ba, in ka yi gwaji a kan mai kaushi ka zo ka shafa a mai santsi zaka ce an canza maka gwangwani. Ka ja layi-layi da biro ka raba guntun gida shida ko takwas. Ka fara da haɗi mai ruwa-ruwa, misali kala 2 tina 8, ka shafa a gida na farko, ka jira kamar minti ɗaya ka goge da busasshen tsumma, ka rubuta adadin a gefe. Gida na biyu ka canza abu ɗaya tak, ko ka ƙara ja ko ka rage tina, ba biyu a lokaci guda ba, in ba haka ba in ya yi kyau ba zaka san me ya gyara shi ba. Ni na taɓa dacewa da launi sak da ka, ban rubuta ba, na kwana biyu ina neman sa ban sake samu ba.

Kuma kar ka yanke hukunci sai ya bushe ka shafa masa sila da irin banish ko lakar da zaka gama da ita. Kala busasshiya tana yin fari-fari kamar ƙafar da ba a shafa wa mai ba a hunturu, sai abin sama ya hau take nuna kanta, banish na mai ma yana ƙara ɗorawa nasa na kansa. Bayan nan ka ɗora guntun a jikin tsohon kayan, ka duba a tsaye in wurin a tsaye yake, ka ja baya taku uku ka kanne ido, ka duba da safe a hasken taga ka sake dubawa da dare a ƙwan ɗakin da kayan zai zauna. Farin ƙwan LED da mai ɗorawa ba abu ɗaya suke nunawa ba, akwai haɗin da zai yi daidai da rana da dare ya fito kore-kore.

In ya yi ja da yawa, kar ka ƙara baƙi, zai zama ruwan hanta ne kawai. Ɗigon kore ake sawa, kore yana kashe ja, ɗigo nake nufi ba cokali ba. In ya yi ɗorawa da yawa ɗan shunayya ko ruwan ƙasa mai ja-ja, in ya yi ruwan goro da yawa ɗigon shuɗi, in ya yi toka-toka ya mutu sai ka farfaɗo da shi da ɗorawa ko ruwan goro. Baƙi shi ne na ƙarshe kuma da bakin tsinke. Kullum ka tsaya ta ɓangaren haske, ƙara duhu shafa ɗaya ne, cire duhu kuwa sai ka koma samfefa.

Dabbare-dabbaren da ya ɓata ƙofar Hajiya, matsalar fararen katako ce, wani wuri yana zuƙa wani wuri ba ya zuƙa. Maganinsa ka sirka sila sosai, kashi 1 tina kashi 3 ko 4, ka shafa siriri ya bushe, ka bi shi da 320 sama-sama, sannan kala. Zata fito da haske fiye da da amma bai ɗaya. Haka ma bakin katako inda aka yanke a gicciye, yana zuƙar kala kamar soso ya yi baƙi ƙirin, shi ma ka fara ba shi silar ko ka goge shi da samfefa mai laushi fiye da sauran. Gam kuma in ya taɓa fuskar katako wurin ba zai sha kala ba, zai fito fari kamar tabon ƙuna, ka jiƙa wurin haɗi da sifirit kafin ka fara zaka ga inda ya ɓuya. In ka gama komai saura ƙiris bai kai ba, masu feshi suna ɗiga kala kaɗan cikin laka su fesa sama-sama har ya hau, dabara ce mai kyau amma in ta yi yawa zanen icen ya dushe ya koma kamar roba.

Akwai kuma hanyar tsufar da ice ba da kalar gwangwani ba, kuma ni na fi sonta ga loko da maɗaci. Mafi sauƙi rana, ka goge katakon ka shanya shi kwana uku zuwa sati kana juyawa, da safe ko da yamma don kar zafin tsakar rana ya tsaga shi ko ya lanƙwasa, zaka sha mamakin yadda zai yi duhu. Ruwan kanwa ma yana sa maɗaci ya yi ja mai duhu nan take, amma sai ka goge shi da ruwa mai ɗan tsami bayan nan ya bushe sarai. Sannan in ka jiƙa sabon soson ƙarfe a cikin binega kwana biyu uku, murfi a sassauce, ruwan yana mayar da ice mai ɗaci-ɗaci toka zuwa baƙi, hikima ɗaya ce da kulokon da dukawa ke baƙanta fatar da aka jeme da bagaruwa, ƙarfe ne ke haɗuwa da abin da ke cikin icen. A kan obeche ba ya yin wani abin kirki sai ka fara shafa mata baƙin shayi mai kauri. Duk waɗannan a guntu zaka fara, don ba su da birki.

Lokaci ma yana da nasa. Da damina in iska ta yi danshi laka tana yin hazo fari-fari, ka jira rana ta take kafin ka fesa. Da hunturu kuma komai yana bushewa da sauri har kala ta kafe kafin ka goge, sai ka riƙa yi kaɗan-kaɗan, ga ƙura, ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka shafa banish. Katakon da aka kawo daga Kudu kuma ka bar shi ya sha iskar Arewa makonni kafin ka yanka, in ba haka ba ka gama aiki mai kyau hunturu ya zo ya buɗe maka baki a wurin haɗi, farin layi ya fito inda kala ba ta shiga ba. Tina wuta ce, ba sigari ba janareto ba risho a kusa, a waje ko a buɗe tagogi. Tsumman da ya sha kalar mai ko banish kar ka dunƙule shi ka jefa a kwana, yana iya ɗaukar zafi ya kama da kansa, ka baza shi ya bushe ko ka tsoma a ruwa.

Ƙofar Hajiya dai a ƙarshe loko muka samo, sabo, don ba mu dace da tsoho mai faɗin ba. Kawu ya sa na shanya shi kwana biyar, sannan muka yi gwaji har gida bakwai, wanda ya yi kusa shi ne ruwan ƙasa 3 ɗorawa 1 tina 10. Ni na so a ƙara shafa ɗaya don har lokacin sabuwar ta fi tsohuwar haske kaɗan, ya riƙe min hannu ya ce bar ta haka, loko ne, tafiya yake yi, in ka kamo shi yau baɗi ya wuce ɗan'uwansa. Hajiya ta yi ta mita wata wajen uku tana cewa ƙofarta ɗaya ta fi ɗaya fari. Yanzu in baƙuwa ta shigo ɗakin ita da kanta take cewa ta nuna mata wacce ce sabuwar, yawanci ta hagu suke nunawa, alhali ta dama ce. Guntun gwajin yana nan cikin durowar ƙasa da rubutun biro a jikinsa, don ƙafar baya ɗaya ta fara motsi.